Idi Fulogi

Duk wanda ya zauna Bakori a shekarun farko na mulkin kai ya san Malam Idi ba ya ta da babur ɗinsa sai ya kwance fulogi. Ko tsayawa ya yi ya gaida mutum a bakin hanya, in zai wuce sai ya tsuguna, ya zaro sifana daga aljihu, ya kwance fulogin, ya ɗaga shi sama yana ƙare masa kallo kamar mai duban wata, ya hure, ya goge da gefen riga, sannan ya mayar. Shi ya sa duk rigunansa gefen dama baƙi ƙirin ne. Ni na sani, don ni ke ɗinka su. Taubashina ne, ɗan gwaggona, ya ɗan girme ni, shagona kuma yana kallon ƙofar gidansa. Ku mutanen Bakori a bayan ido kuke ce masa Idi Fulogi, ni kuwa a gabansa nake faɗa.

Babur ɗin ɗan ƙarami ne, mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu kaushi, irin na ratsa daji. Wajen wani Bature mai aikin auduga a Funtuwa ya saye shi, da zai koma ƙasarsu, da shi kuma Idi yake shiga ƙauyuka sayen fatu da ƙiraga. Irin injin nan ne da ba ya shan fetur zalla, sai an garwaya masa da baƙin mai a tanki. Gwangwanin tumatir ne mudun Idi. In ya auna ya zuba ya jijjiga, sai ya tsoma yatsa, ya murza, ya shinshina, wani lokaci har ya kai baki.

Na ce, "Malam, gishiri ya ji?"

Ya ce, "Tela, rufe mini baki. In mai ya yi yawa fulogi ya shaƙe, in ya yi kaɗan fistin ya kama. Me ka sani game da awo, kai da hannun riga ɗaya ke fin ɗaya tsawo?"

Bakanike kuwa bai isa ya taɓa masa babur ba. Cewa yake, ka kai musu abinka da mura, su dawo maka da shi da gudawa. Komai da hannunsa yake yi a tsakar gida.

Wata rana ya kwance kafireta, ya baje kayan cikinta a kan faifan matarsa Hansatu. Kajin gidan suka ga faifai, suka zaci tsaba ce, suka yo ca! Ya kore su, ya zo harhaɗawa, ya nemi wani ɗan noti na tagulla da fetur ke bi ta cikinsa, bai fi ƙwayar dawa ba, ya rasa. Ya leƙo shagona yana huci.

"Kaza ta haɗiye mini noti!"

Na ce, "To ga Funtuwa nan, je ka sayo wani mana."

"Ina da nawa a cikin kaza, in je in sayi na wani? Allah ya kiyaye!"

Ya kife kajin a akurki, ya zauna da tsinke yana binciken kashinsu. Shiru. Sai ya ce a ɗauko wuƙa. Da jar kaza ya fara, wai tun da abin ya faru ta ƙi haɗa ido da shi. Aka tsaga ƙundu, tsakuwa kawai. Aka kamo ta biye. Ranar unguwarmu har waɗanda ba a ga-maciji da su sai da suka ci kaza. Da ya rage saura zakara, aka kira la'asar, ya cire hula zai yi alwala, sai ga noti ya faɗo, ƙwal, a cikin buta. Ashe shi da kansa ya soke shi a naɗin hula don kada kaji su ɗauka.

Hansatu ta tsaya riƙe da ludayi, ta ce, "To Malam, yanzu fa?"

Ya dubi zakaran nan ya ce, "Ai ya ga abin da ya sami 'yan'uwansa. Ba zai ƙara kusantar faifai ba."

Sai da ya sayo mata wasu kajin kafin ta sake yi masa magana, amma bai taɓa yarda kuskure ya yi ba.

Sai kuma ranar salansa. Irin wannan inji, hayaƙin mai yakan daskare a cikin salansa har babur ya rasa ƙarfi, maganin kuwa a ƙona ta a kakkaɓe. Mutane a bayan gari suke yi. Idi ya ga ga wuta Hansatu ta hura ta ɗora sanwa ta shiga maƙwabta barka, ya ce don me za a yi asarar itace sau biyu? Ya cusa salansa a murhu, ƙarƙashin tukunya. Kai! Wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, aka ɗauki kururuwa, "Gobara! Gobara gidan Idi!" Na bar keken ɗinki na suri bokiti, masu tulu na biye. Muka faɗa gidan, muka tarar da shi zaune a kan turmi yana fifita wuta da mafici. Wani ya ɗaga tulu zai sheƙa, ya daka masa tsawa.

"Kada wanda ya zuba! Ba ta nuna ba!"

Tuwon gidan ya daɗe yana warin gareji.

Ni sau ɗaya na hau babur ɗin nan. Ɗaurin aure aka yi a Tsiga, na roƙe shi ya ɗauke ni. Ya yarda, amma da sharaɗi: in an zo yashi in sauka, in an zo hawa in sauka, in an zo rafi in sauka in tura. Hanyar Tsiga ta lokacin kuwa kun san ta, in ka cire yashi da hawa da rafi, me ya rage? In an zo gangara kuma sai ya kashe inji, wai yana huta, a ƙasan gangara a sake kwance fulogi. Muka isa an shafa fatiha, waɗanda suka taso da ƙafa tare da mu sun ci sun wanke hannu. Ya kafe babur ya ce mini, "Ka ga amfanin abin hawa? Ko gumi ban yi ba." Da muka dawo ya danna mazauni ya ce na sagar masa da sifirin, daga ranar ba ya ƙara goyon kowa. Ya kuwa riƙe maganar. Har ɗan saƙon dagaci ya hana hawa.

Sau ɗaya ya karya ta. Ba na wurin, amma wanda abin ya faru da shi ya ba ni labari, tayar babur ɗin kuma na gan ta da idona. Lokacin cirar auduga ne, Idi ya shiga wata unguwar Maguzawa a bayan Tsiga sayen fata. Ya tarar mata na kuka a bakin gona, maciji ya sari wani magidanci, Nomau, a ƙafa. An ɗaure, an tsaga, an ba shi sassaƙe, amma ƙafa sai kumbura take, jini ya fara fito masa ta dasashi. Mota ba ta shiga wurin, asibiti kuma sai Malumfashi.

Idi ya dubi Nomau, ya dubi babur, ya yi tsaki, ya sauke ƙunshin fatun da ya saya a ƙasa. Ya ce, "Ku ɗora mini shi." Aka goya masa ƙaton mutum a baya da zane kamar jinjiri.

Ba su fita daga gonakin ba ƙayar bagaruwa ta shiga tayar baya, nauyi kuma ya yage tub ɗin yadda faci ba zai kama ba. Matar Nomau da ke biye da gudu ta iso da kwandon auduga a ka, ta manta ma tana ɗauke da shi. Idi ya ɓalle gefen taya, ya zare tub ya yar, ya ce, "Kawo audugar nan." Ya dinga cusawa yana dannawa da ƙotar sifana har taya ta cika tam. A kan auduga suka shiga Malumfashi, babur na rawa kamar agwagwa. Aka karɓi Nomau, aka yi masa allura, ya daɗe a kwance amma ya tashi, sai ɗan ɗingishi.

Washegari Idi ya zauna ƙofar shagona ya zaƙulo audugar nan kaf, baƙa wuluk, ya ƙulle a tsumma, ya kai wa matar har gida. Ya ce mata, "Ga kayanki, ban rage ba. Ta riga ki zuwa Malumfashi, a kai ta kasuwa da daraja."

Duk mun zaci babur ne ajalin Idi. Ashe a kan tabarmarsa zai cika, bayan ciwon ciki na 'yan kwanaki. Muna zaman makoki sai ga Nomau da ƙafa, da damin dawa a ka. Ya ajiye a ƙofar gida, ya zauna can gefe, don shi ba mai salla ba ne. Na je na gaishe shi. Ya ce, "Tela, ka san abin da ya yi ta faɗa mini a hanya? In na fara lumshe ido sai ya zungure ni da gwiwar hannu, ya ce, 'Kai, kada ka mutu a kan babur ɗina, ba a taɓa mutuwa a kansa ba!' Wallahi tsoronsa na ji, shi ya sa ban mutu ba." Muka yi dariya, sai kuma ya ja gefen bargonsa ya rufe fuska.

Allah ya jiƙan Malam Idi, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya goyi bawan Allah ya kai shi ga tsira, Allah ya sa rahamarsa ta goye shi har Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.