Na Ajiye Ƙwayoyin Asibiti Na Riƙe Kunun Kanwa

Ranar da ɗana ya cika kwana goma a duniya, da hantsi, ina zaune a bakin gado ina ba shi nono, sai na dubi fuskarsa na ga rabinta babu. Ido ɗaya nake gani da kunne ɗaya, sauran wurin kuwa wani ƙyalƙyali ne yake yawo kamar an fasa madubi a rana. Na murza idona, na rufe na buɗe. Na ɗaga kai na dubi agogon bango, shi ma rabinsa ya tafi. Tun jiya da ma kaina yake sarawa, amma wannan karon sai na ji kamar an ɗaure shi da igiya ana ja ta ƙeya. Na kwantar da yaron a tsakiyar gado don kada ya suɓuce min, na dafa bango, ina ta gaya wa kaina ai rashin barci ne kawai.

Wata huɗu ke nan da faruwar abin. Shekarata ashirin da biyu. A Kano na tashi, na gama sakandare, na auri wanda nake so, da takarduna suka fito na biyo shi New York. Muna zaune a unguwar Highbridge, hawa na huɗu a wani tsohon gini marar lifta. Mijina motar haya yake tuƙawa, da asuba yake fita. Turancina na makaranta ne, ina karantawa ina rubutawa, amma idan mutanen nan suka saki baki da sauri sai in koma gyaɗa kai ina murmushi. Ba zan kama sunan kowa ba a wannan takarda, don duk wanda ya shigo cikinta alheri ya nufe ni da shi. Laifin da ke ciki nawa ne.

A watan ƙarshe na cikin jinina ya ɗan hau, amma na haihu lafiya, namiji. Ranar da za a sallame mu nas ta miƙo min ƙwayoyi, da na'urar awon jini sabuwa a kwalinta, da takardar cewa in dawo bayan 'yan kwanaki a duba ni. Ta daɗe tana bayani tana nuna kanta da idonta da ƙafarta. Ni hankalina yana kan yaron, na yi ta gyaɗa kai. A tunanina tunda an sauka lafiya ai magana ta ƙare.

Da a gida ne, wurin Inna zan tafi wankan gida, tunda haihuwar fari ce. Ba ta samu biza ba, kuma abin ya ci mata rai ƙwarai. Kullum sai ta kira ta bidiyo tana kallon jikanta tana share ido da bakin mayafi, tana cewa 'yarta tana can cikin ƙanƙara babu mai dafa mata ko ruwan wanka. Ta bi ta hannun 'yan uwa har ta samo min wata dattijuwa 'yar Maraɗi mai sayar da atamfa da turaren wuta a titin 125, wadda matanmu na nan da yawa ita ta yi musu jego. Gwaggo nake kiranta. Baiwar Allah nan kullum da safe sai ta shigo jirgin ƙasa ta shigo bas, ta hau benenmu tana haki tana tsine wa wanda ya gina shi, kafin ta je ta buɗe wurin sana'arta. Ta zo da ƙatuwar tukunya da busasshen ganyen darbejiya da aka kawo mata daga gida. Ranar farko tururi ya cika gidan har ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka, mai kula da ginin ya zo yana buga ƙofa, Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa tana yi masa faɗa da Hausa da Faransanci, wai shi uwarsa da ruwan sanyi aka yi mata wanka shi ya sa ya fito a murɗe. Na yi dariya har ɗinkina ya yi zafi. Gaskiya ban taɓa jin ni 'yar gata ce a ƙasar nan ba sai a hannunta.

Bayan wanka sai kunun kanwa, cike da fulas, safe da yamma. Tana zuba kanwar da hannu sake, ta ce shi ke wanke ciki ya kawo nono. Wata safiya ta ga ina haɗiyar ƙwayar asibiti. Ba ta hana ni ba, wallahi, tambaya kawai ta yi, wai ba za ta bi nono ta shiga cikin yaron ba? Wannan tambayar ta kwana a raina. Maimakon in kira asibiti in tambaya, sai na tura kwalbar bayan kayan shafa, ban sake taɓa ta ba. Ranar komawa asibiti kuma ta faɗo ana gobe suna, ƙanƙara ta rufe titi. Inna ta ce wace irin maijego ce za ta fita cikin wannan sanyi, so nake ya shige ni har tsufa? Ni ma da ma ba na son saukar benen nan. Daga asibiti suka kira sau biyu ban ɗauka ba. Da mijina ya tambaya na ce masa sun ɗaga ranar. Wannan ƙaryar ita ta fi damuna har yanzu, don da na gaya masa gaskiya da ya ajiye aiki ya kai ni.

Ranar suna ƙafata ta ƙi shiga takalmi, zoben aurena ya nutse a yatsa. Mata suka cika falo suna cewa jego ya karɓe ni, dubi kumatu tubarkalla. Gwaggo tana ta washe baki, aikinta ya yi kyau. Aka aika wa Inna hoto ta yi ta sa albarka. Ni kuwa ina jin numfashina yana yi min nauyi, da wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, amma wa zai tsaya ƙorafi ana yabonsa?

To, a wannan hantsin na kwana goma Gwaggo ta riga ta yi min wanka ta tafi, mijina yana kan hanya da fasinja. Allah da ikonsa, maƙwabciyata tana hutu ranar. 'Yar Zongon Kumasi ce, ta girme ni sosai, Anti nake ce mata, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Ta ƙwanƙwasa, na bi bango na buɗe. Ta shigo da kwanon wake da shinkafa tana tsokanata kamar kullum, wai amaryar Kano ta samu kaji ta manta da talakawa. Ba ta ƙarasa ba ta ƙura min ido. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta zaunar da ni, ta danna babban yatsanta a ƙaurina. Da ta ɗaga, ramin ya tsaya bai cike ba. Ta tambaye ni kaina yana ciwo, na ce kaɗan. Ta ce in dube ta in gaya mata yatsu nawa ta ɗaga. Na fashe da kuka na ce rabin hannunta nake gani.

Ta tambayi ina na'urar da aka ba ni. Tana ƙarƙashin gado cikin kayan barka, ko ledarta ban ɓare ba. Ta auna hannun dama, ta auna na hagu, ta sake aunawa. Ba ta gaya min abin da ta gani ba, waya kawai ta ciro ta kira motar asibiti. Na riƙe mata riga ina roƙo ta bari mijina ya dawo, ta bari in kira Inna tukuna, ni ko arba'in ban yi ba ina za ni. Ta ɓamɓare hannuna ta ce mai rai ake ƙirga wa arba'in, kuma idan na sake cewa uffan ita da kanta za ta goya ni ta sauka da ni. Ta naɗe yaron a bargo, ta kira mijina ta ce ya sauke ko wa ya ɗauko ya same mu can. Ma'aikatan suka ɗaure ni a wata kujera suka sauko da ni hawa huɗu. A kowane hawa ina jin kukan ɗana a bayana a hannun Anti, abin da ke raina ɗaya ne, yaron nan zai tashi bai san fuskata ba sai a hoto.

A asibiti ba su bar ni na zauna jira ba. Nan da nan aka sa min allura, aka ɗaura min ruwa mai magani wanda ya sa jikina ya ɗauki zafi, gaɓoɓina suka yi nauyi kamar ba nawa ba. Aka naɗe ƙarafan gadon da barguna, daga baya na gane saboda tsoron jijjiga ne. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta jawo wani allo mai ƙafa, sai ga tafinta Bahaushiya a ciki ta yi min sallama. Aka tambaye ni ƙwayoyina, na sunkuyar da kai na ce na daina sha, mijina yana tsaye yana ji. Aka tambaye ni ranar da ban zo ba, na faɗi gaskiya. Ya juya ya fuskanci taga. Aka tambayi abin da nake ci, na ce kunu. Tafintar ta nemi izinin likita ta tambaye ni kunun me, don kunu iri-iri ne. Na ce na kanwa. Likitar ba ta san kanwa ba, sai da mijina ya koma gida ya ɗauko ƙullin ya kawo mata.

Na zaci za ta yi min faɗa ko ta raina mu. Ba ta yi ba. Ta ce wannan hawan jini na bayan haihuwa yana iya kama kowace mace, har wadda ba ta taɓa ganin kanwa ba, kuma yana iya zuwa bayan an koma gida ana murna. Amma kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki ta ƙara tura jini sama, ni kuma na ajiye maganin da ke danne shi, na ƙi zuwa ranar da za a gane. Ta ce ƙwayar da aka ba ni an zaɓe ta ne don mai shayarwa. Tambaya ɗaya a waya da ta ishe ni.

Washegari Gwaggo ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa. Da ƙyar na sa ta zauna. Ta fara cewa ita ta haifi bakwai duk da kanwa ta yi jegonsu, sai ta kama ƙafata tana shafawa tana cewa 'yar nan ki yafe min, amana aka ba ni. Na ce ita ba ta hana ni komai ba. Abin da na fi jin tsoro shi ne kiran Inna. Na ba ta labari duka. Sai ta ce min ƙanwarta da ta rasu kafin a haife ni, wadda kullum ake ce mana sanyi ne ya shige ta, haka ta kumbura, haka ta yi ta cewa ba ta gani sosai, su kuma suka ƙara mata wuta da kunu. Shekara talatin ba ta taɓa haɗa abin ba sai yau. Muka yi ta kuka ni da ita, kowa da wayarsa a hannu.

'Yan uwana mata, na nan da na gida, ban ce ku yar da jego ba. Ni ma da na koma gida Gwaggo ta ci gaba da zuwa, ruwa mai ɗumi, kunun gyaɗa, da hirarta mai sa ni dariya, kuma ita take tuna min lokacin ƙwaya. Abin da nake roƙonku, idan kai ya matsa da ciwo, ko ido ya fara gani dishi-dishi, ko jiki ya kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, kada ku bari a ce muku ƙibar jego ce. Ku tafi a auna ku ko da kwana uku ne da haihuwa, ko ana zuba ƙanƙara. Abin da kuke sha a gida ku faɗa wa likita da sunansa. Abin da ba ku gane ba ku ce a kawo tafinta, kada ku gyaɗa kai irin nawa. Kuma kada ku yi wa mazajenku ƙarya a kan lafiyarku, nawa ya yafe min amma na ga abin da ta yi masa.

A rana ta uku a asibiti, bayan la'asar, mijina yana zaune a kujera da yaron a ƙirjinsa, likitar ta shigo tana jan allon tafinta. Ta duba takarduna, ta haska idona, ta ƙwanƙwasa gwiwata. Sannan ta zauna a bakin gadon, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce jinin ya sauka ya zauna, ƙoda da hanta lafiya, hatsarin ya wuce, gobe zan koma gida da magani. Na ji Turancin sarai, amma na ce wa tafintar don Allah ta faɗa min da Hausa. Ta yi murmushi ta ce likita ta ce kin tsira, 'yar uwa, za ki raini ɗanki. Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Mijina ya miƙa wa likitar yaron, ya sulale daga kujera ya yi sujada a kan tayil ɗin asibiti, ni kuma na miƙa hannu likitar ta ɗora min yaron, ya lalubo nono ya kama.