Niyazi Mai Harkar Marmara

Niyazi Usta, wato gwani Niyazi, ba ya riƙe fuska. Ba laifinsa ba ne, laifin sana'a ne. Shekara talatin da huɗu yana cuɗa a wani tsohon hamam, gidan wankan tururi, da ke gangaren unguwar Uskudar, kuma a wannan aiki fuska ita ce abin da ake gani a ƙarshe, in ma an gani. Mutum zai shigo ɗaure da zanen wanka, takalman katako na ƙwas-ƙwas, ya kwanta rub da ciki a kan dutsen cibiya, faffaɗan farin marmara mai zafi da ke tsakiyar ɗaki, ya jira gumi ya tsattsafo. Abin da ke isowa gaban Niyazi baya ne. Ya san bayan liman, ya san na mai kifi, ya san na direban jirgin ruwan da ke da tabon ƙuna a ƙugu. A kan titi yakan wuce mutum babu gaisuwa, sai ya waiwaya ya hango shi ta baya, sannan ya yi masa sallama har da tambayar iyali.

Yana da shekara goma sha tara kawunsa ya ɗauko shi daga wani ƙauye a Tokat, kamar yadda aka ɗauko kawun, kamar yadda aka ɗauko duk masu cuɗa na gidan. Kawun ya miƙa masa kese, safar nan mai kaushi da ake sa wa hannu, ya ce masa duk abin da ya ji a kan dutse ya bar shi ya bi ruwa. Karatun ke nan gaba ɗaya. Sauran fatar mutane ce ta koya masa.

Shekarun baya-bayan nan gidan ya waye. An rataya sabon allo a ƙofa, an kawo mayuka masu ƙamshi, an sa wata na'ura da ke kukan tsuntsaye a ɗakin hutawa. Baƙi na zuwa riƙe da takarda mai bayanin abin da zai same su a ciki. Abin da ke samun su bai canza ba tun zamanin kawu: zafi, cuɗa, kumfa, ruwan sanyi a ka, shayi. Niyazi kuma bai daina ɗaga hannun mutum ya nuna masa dauɗar da ta mulmulo daga jikinsa kamar taliya ba, ko da manaja ya ce hakan na kunyata baƙi. Niyazi ya ce ba shi ya zo da ita ba.

Matarsa Makbule tana alfahari da shi, amma a cikin gida. Da hannun nan nasa aka karantar da 'yarsu Ferda har ta zama mai haɗa magunguna, kuma Makbule takan faɗi haka sau biyu a mako. Sai dai ranar da ta sha shayi da Perihan Hanim, uwar Onur, saurayin da ke neman Ferda, ta ga zobba uku a hannun matar da yadda take riƙe cokali. Da aka tambaye ta aikin maigida sai ta ji bakinta ya ce, “Yana harkar marmara.”

“Ƙarya na yi?” ta ce wa Niyazi da ta dawo. “A kan me kake wuni?”

“A kan bayan mutane.”

“Su kuma a kan me suke kwance?”

Ferda ba ta ɓoye wa Onur komai ba. Onur ya ce a bar masa mahaifiyarsa, shi zai yi mata bayani. Mako uku ke nan yana neman lokacin da ya dace. Aka sa Lahadi da la'asar mahaifinsa, Hulki Bey, zai zo neman aure. Makbule ta kafa doka: ranar a yi maganar yanayi da tsadar tumatir, a sa zoben baiko, gaskiya ta biyo baya a hankali. Ta san Perihan na iya ɗaukar jakarta ta fita, kuma ta san Ferda na son yaron, so na gaske. Niyazi ma ya san duka biyun. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Da safiyar Lahadin ya ɗauki kese ya tafi aiki, Makbule na bin sa da magana har matakala.

Wajen ƙarfe goma ya tarar da wani baya da ya sani a kan dutse: tawadar Allah ƙarƙashin allon kafaɗar hagu, wuya a sandare. Wannan bayan na Alhamis ne. Shekara goma sha ɗaya yana zuwa, kowa a gidan wankan yana kiran mai shi Darakta, domin ya taɓa shugabantar wani ofishin filaye kafin ya yi ritaya. Mutum ne mai shigowa idonsa a sama, ya kwanta idonsa a rufe, ya fita idonsa a kan agogo. A tsakani kuwa yakan buɗe baki, ya zazzage duk abin da ke cikinsa.

“Darakta, yau ba Alhamis ba ce.”

“Na sani, Usta. Cuɗa ni da kyau, kamar za a kai ni kasuwa.”

Niyazi ya jiƙa kese ya fara daga kafaɗa. “Biki ne?”

“Shari'a ce. Yau zan je nemar wa ɗana aure. Uban yarinyar ɗan kasuwar marmara ne.” Darakta ya ja numfashi a kan dutse. “Ka san su. Zai dubi takalmina, ya dubi kwat ɗina da ta girmi ɗan nawa, ya tambaye ni a wace gaɓar teku nake hutun bazara. Mako uku ba na barci. Onur kuwa ko a jikinsa, Ferda, Ferda, kamar ba a taɓa haihuwar mace ba sai ita.”

Hannun Niyazi ya tsaya. Tun da ya fara aiki hannunsa bai taɓa tsayawa a tsakiyar baya ba.

“Me ya faru?”

“Ba komai. Dauɗa ce ta yi yawa.”

Ya ci gaba. Ya bi bayan Hulki Bey layi-layi, ya sauka ƙafafu, ya juya shi, ya ɗaga masa hannu ya nuna masa abin da ya fito, Hulki Bey ya gyaɗa kai ido a rufe kamar kullum. Niyazi ya tsoma jakar ƙyalle a ruwan sabulu, ya kaɗa ta ta cika da iska, ya matse kumfa har ta binne surukin 'yarsa tun daga wuya zuwa idon sawu.

“Mai marmaran nan,” ya ce, “ina jin na san shi.”

Wata murya ta fito daga cikin kumfa. “Da gaske? Wane irin mutum ne?”

“Ya daɗe a harkar. Manyan garin nan da yawa sun bi ta hannunsa.”

“Na shiga uku. Yana da tsanani?”

“Hannunsa dai akwai nauyi.”

Sai ya sa babban yatsa ƙarƙashin allon kafaɗar hagu, inda jijiyar nan take ɓuya, ya danna.

“A hankali, Usta, uwa ce ta haife ni.” Kalmomin da yake faɗi ke nan duk Alhamis, a daidai wannan wuri.

Niyazi ya sheƙa masa ruwan ɗumi, ya bi da kwano ɗaya na sanyi a tsakiyar ka, ya naɗe shi da tawul uku. “Allah ya sa a ji daɗin jiki, Darakta.” Hulki Bey ya amsa wa bango, ya wuce shan shayi.

A hanyar gida Niyazi ya lissafa abin da ke gabansa. Mutumin bai san fuskarsa ba. Doka irin ta Makbule za ta yi aiki tsaf, yau da gobe, wataƙila har ranar biki. Abin da za a nema daga gare shi kawai shi ne ya zauna a kujerarsa, a cikin gidansa, ya zama wani. Bai gaya wa Makbule komai ba. Ya sa kwat, ya bar ta ta ɗaura masa laktaye a wuya har ya ji kamar an kama ɓarawo.

Baƙi suka iso da furanni da farantin cakulan. Aka ba su silifas, aka zuba musu turaren lemo a tafin hannu. Hulki Bey, fes da shi, kunnuwansa har sheƙi suke, ya dubi Niyazi ido cikin ido, ya ɗan rusuna, ya ce ya yi farin cikin saninsa. Perihan Hanim ta zauna a bakin kujera tana auna labule da ido. Gidan ya yi mata ƙanƙanta a ce na ɗan kasuwar marmara ne, amma ta ji ana cewa masu kuɗin gaske haka suke. Onur ya kafa wa kafet ido.

Aka yi yanayi. Aka yi tumatir. Sannan Hulki Bey ya tattaro ƙarfin hali.

“Yaya kasuwar marmara, Niyazi Bey?”

“Da zafi,” in ji Niyazi.

“Haka ne, haka ne. Ko'ina haka ake ciki.”

Makbule ta saki numfashi. Ferda ta shigo da gahawa a faranti, ta fara da babban baƙo. Ta tsaya ta hagunsa. Hulki Bey ya juya zai ɗauka, wuyan ya ƙi, ya ɗan cije leɓe.

Niyazi ya dubi 'yarsa. Ferda ta dube shi, sannan ta ɗaga haɓa kaɗan, irin yadda take yi tun tana ƙarama in ta ce a ci gaba. Ya miƙe, ya zaga bayan kujerar baƙon, ya sa yatsa ƙarƙashin allon kafaɗar hagu, ta kan kwat, ya danna.

“A hankali, Usta, uwa ce ta…”

Hulki Bey bai ƙarasa ba.

“Na sha gaya maka ka daina kwana kusa da taga,” in ji Niyazi. Ya koma kujerarsa. “Perihan Hanim, marmaran da nake harka da shi guda ɗaya ne, kuma ba nawa ba ne. Ni mai cuɗa ne. Mijinki a hannuna yake wanka shekara goma sha ɗaya. Wannan sheƙin da kike gani aikin safiyar yau ne.”

Makbule ta rufe ido. Perihan Hanim ta miƙa hannu ga jakarta.

“Hulki, tashi.”

Hulki Bey bai tashi ba. Yana ta juya wuyansa hagu da dama, wuyan na tafiya sumul. A fuskarsa babu komai sai sauƙin mutumin da aka ce masa an ɗage shari'a har abada.

“Wato babu gidan hutu a bakin teku?”

“Akwai gonar tuffa a Tokat, bishiya tara. Biyu sun mutu.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Hulki Bey, da zuciya ɗaya.

“Hulki, mai cuɗa ne fa.”

“Zauna, Perihan. Shekara goma sha ɗaya duk abin da ke cikina a gaban mutumin nan nake zubarwa. Abin da na faɗa kan waɗanda suka gaje ni a ofis, abin da na faɗa kan yayanki. Kin taɓa jin kalma ɗaya ta dawo? Ni da na faɗa wa abokina na makaranta rabin haka, kafin Juma'a ya kai Ankara.”

Perihan Hanim ta saki jakar a hankali. “Me ka faɗa kan yayana?” Ta juya ga Niyazi. “Me ya faɗa?”

“Ya bi ruwa, Hanim.”

Ta daɗe tana dubansa. Mace ce da ta san darajar bakin da ke rufuwa, domin ba ta taɓa zama kusa da irinsa ba. Ta ɗauki gahawarta daga farantin Ferda ta kurɓa.

Hulki Bey ya gyara zama, ya maɓalle kwat, ya fara jawabin da ya haddace. “Bisa umarnin Allah da koyarwar Manzonsa, mun zo nemar wa ɗanmu Onur…”

“Dakata, Darakta.” Niyazi ya ɗaga hannun nan mai nauyi. “Ni na san bayanka kamar tafin hannuna. Kai ba ka taɓa duban fuskata ba. Dube ta tukuna, ka san wa kake roƙo.”

Hulki Bey ya yi ja har kunne. Ya ciro tabarau ya sa, ya duba da gaske, kamar yadda yake duba takardar fili a da: gashin baki mai furfura, hanci da ya taɓa karyewa, idanu ƙanana da tururi ya ƙanƙance.

“Na gani, Usta,” ya ce. Sannan ya sake jawabin daga farko, a tsaye.

Niyazi ya tambayi Ferda, Ferda ta ce duk abin da Baba ya ga ya dace. Ya ce ya bayar. Onur ya karɓi kofinsa ya shanye. Al'ada ce amarya ta sa wa ango ɗan gishiri a gahawa don a ga haƙurinsa. Ferda ta sa cokali uku, ɗaya na kowane mako. Ya haɗiye, hawaye na zuba, ya ce bai taɓa shan mai daɗinta ba.

Da Alhamis ta zagayo, Hulki Bey ya shigo ɗakin zafi, ya tsaya a gaban Niyazi da zanen wanka, ya gaishe shi fuska da fuska, ya tambayi Makbule Hanim. Sannan ya yi ta jan ƙafa, ya ce ko ya fi dacewa yanzu wani ya riƙa cuɗa shi, tun da an zama ɗaya.

“Kwanta, suruki,” in ji Niyazi, yana jiƙa kese. “Wa zan bar wa wannan kafaɗa ya lalata?”

Ya kwanta. Kafin gumi ya tsattsafo ya fara ba da labarin abin da yayan Perihan ya ce game da zauren biki.