Ranar da Umma Ta Ji Tausayin Kaguwa

Ko zan manta da komai na zamana a Manchester, ban da ranar kaguwa.

Lokacin ina jego a wani ɗan gida a unguwar Whalley Range, Umma ta zo daga Kano taya ni. Maƙwabciyata 'yar Kalaba ce, mai kirki. Wata safiya ta shigo da roba cike da kaguwa, masu rai, suna ta motsi. Iyayen saurayin 'yarta za su zo daga Birmingham washegari gaisuwar farko, ta yi musu alkawarin miyar kaguwa irin ta Kalaba, firjinta kuwa ya cika. Ta ce in sa a can ƙasan firji, in rufe da jiƙaƙƙen tsumma, kada in toshe robar, kada kuma ruwan famfo ya kwanta musu. Na yi yadda ta ce, na goyi jariri muka tafi wajen likita.

Da na dawo sai na tarar da Umma a ƙofar banɗaki, fuskar nan cike da annuri.

"Ke yanzu ba kya tsoron alhaki? Abu mai rai a firji, a wannan sanyin? Na juye su a baho."

"Umma, da ruwa?"

"To da me? Har na ɗan surka musu da na zafi. Na marmasa musu biredi, ba su ci ba, ina jin baƙunta ce."

Na leƙa, ga su nan sun yi lamo, ko ƙafa ba mai ɗagawa. Umma ta ce ai daɗin ɗumi suke ji, in bar bayin Allah su huta. Halittar ruwan gishiri an jiƙa ta a ruwan jego!

Da yamma maƙwabciyar ta zo, ta ɗaga ɗaya, ƙafafun suka yi reto. Ta ce kaguwar da ta mutu da kanta ba a dafa ta, sai bola. Ta zauna a bakin bahon, idonta ya ciko. Wallahi na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Umma ta ɗaure ɗankwali tamau. "Faɗa mata ni na yi ɓarna, ni zan ciyar da baƙinta."

Washegari mutanen Birmingham suka ci tuwon shinkafa da miyar taushe har da ƙari. Uban saurayin yana gumi yana tambaya ko a wane yanki na Kalaba ake wannan miya. An dai yi auren.

Tun daga ranar na san tausayi ma sai da sani. In aka ba ka amanar abin da ba ka sani ba, yi yadda mai shi ya ce, sannan ka gaya wa duk wanda ke gidan, musamman mai tausayi.