Haƙurin Auta

Wata Laraba da kaka, ina aji huɗu, muna tsinkar gyaɗa a tsakar gidanmu da ke Gude, zanen Inna ya kwance, na ga cikin da ta yi wata shida tana ɓoyewa. Ta harare ni, na haɗiye maganata. Inna ta haura arba'in a lokacin, ga babbar yayarmu Ladidi da ke aure a Kabo ita ma da nata cikin. Da Ladidi ta roƙe ta su riƙa zuwa awo tare, sai ta ce, "Ni da furfurata in zauna benci ɗaya da 'yar cikina? Kunya ba ta ƙare ba tukuna." Haihuwa tara ta yi a ɗaki, ta goman ce za ta gagare ta?

Aka haifi Auta jikinsa laƙwas, idanu 'yan ƙanana, harshe a waje. Ni ce mai renonsa. Ina dawowa daga makaranta zan saɓa shi a baya, in yi surfe, in ba awaki harawa, in buga 'yar gala-gala, ko motsi ba ya yi. Nono ma sai ya ja kaɗan ya huta yana zufa. Mata suka yi ta yabo: "Kai, wannan yaro akwai haƙuri!" Haƙurin me! Ashe ƙarfin kukan ne babu. Ni sakarai har gori nake wa ƙawayena masu rigimammun ƙanne. Sai da leɓensa ya fara baƙi aka kai shi asibiti a Gwarzo. Likita ya ce irin yaran nan an fi samunsu idan uwa ta manyanta, kuma da yawansu da huji a zuciya. Da Inna ta zo awo, da an sa masa ido tun ranar haihuwa. Bai ga kaka ta biyu ba. A bayana ya cika, ina shara, na ɗauka barci yake.

Yau shekarata arba'in da ɗaya, ga ni da ciki a kan bencin awo cikin sa'o'in 'yata. Ma'aikaciyar jinya ta fara kwana-kwana, wai a shekaruna ya kamata a ɗebi jini a yi hoton ciki don a san halin jaririn. Ba ta rufe baki ba na miƙa mata hannu. Abin da Allah ya ba ni nawa ne, amma wallahi wannan karon sai na sani da wuri. Inna ce ta rako ni, da sandarta, ta zauna kusa da ni a kan bencin, tana share ido da gefen mayafi.

Har yau in na ji an yabi jariri da haƙuri, sai gabana ya faɗi.