Ezekiel Mai Turke, Wanda Aka Ce Ya Ɗaure Dutse

Kunnen ƙashi ba jarumta ba ne. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.

Duk mai bin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi da sassafe yakan ga wani dattijo da sanda yana tone sharar da ta toshe kwata, ba wanda ya sa shi. Malam Ezekiel ke nan, mutumin Filato, da ya yi ritaya bana daga aikin binciken ƙasa da duwatsu. Mai Turke ake ce masa. Ga dalili, daga bakin direban tawagarsu ta aiki, Haruna na Unguwa Uku, wanda aka yi komai a gabansa.

Shekarar da soja suka koma bariki, aka tura su wani kwari a ƙasar Adamawa, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga gindin tudu. Aikin Ezekiel shi ne ya gano ko tudun zai zaftaro wa mutane. Sai ya jera turaku a gangaren, ya ja igiya sambal. In layin ya karkace, to ƙasa na motsi.

Wani Alhaji Inuwa, da siyasa ta ba fili a wurin, yana gina masauki don masu zuwa wankan magani. Da ya ga turakun da igiya, sai ya kwashe da dariya.

"Malam, dutsen ka ɗaure? Akuya ce?"

"Ban ɗaure shi ba, Alhaji. So nake in san ranar da zai tsinke."

Da damina ta yi nisa, layi ya karkace, ruwan zafi ya koma kamar kunu. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Ezekiel ya bi gidajen gindin tudu yana roƙo a tashi. Inna Kulu mai tuwo ta ce nan aka binne cibiyarta, ba inda za ta. Bai ja da ita ba. Ya ɗora tukunyarta a ka ya haye rafi, ta biyo shi tana masifa, sauran mutane suka bi bayanta. Inuwa kuwa ya sa aka tumɓuke turakun, wai suna korar masa baƙi.

Da rana tsaka tudun ya sauko, laka da duwatsu suka cike kwarin. Ko rai ɗaya bai salwanta ba.

Kai ne ka sha zagin tsohuwa don ta kwana da ranta, Mai Turke. Ba ka taɓa ba mu labarin ba. Mun gode, Allah Ya saka. Ku kuma samari, in kun gan shi bakin kwata, ku karɓi sandar.

Shi kuwa Inuwa, masauki ya tafi, tifa ta tafi, janareta da simintin rumbu guda suka bi. Abin da laka ta bar masa, turakun nan ne da ya jefar can gefe.