Kawu Isiyaku da Fayil Ɗin da Ya Ƙi Buɗuwa

Duk wanda ya san Kawu Isiyaku, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya taɓa kwamfuta sai ya ƙwanƙwasa mata sau uku ya ce, "Salamu alaikum, wa ke ciki?" Shi ke kula da manhajar kaya a shagon iri da taki da nake aiki a nan Minna.

Ba zan manta wata Asabar ta farkon damina ba. Motar manoman garin Gwada na ƙofa tana jiran kaya, hadari ya haɗo, manhaja kuma ta kafe: wai fayil a kulle yake, wani na amfani da shi. Kowa kuwa ya rantse ya fita daga manhajar! Madam Rifkatu, mai shagon, ta nufi soket.

"Kul, Madam!" in ji Kawu, yana saukowa daga keke. "Kika zare yana tsakiyar rubutu, bayanan shekara uku sun zama fate."

"To ya za a yi, Baba? Mutane na jira!"

"A nemo wanda ya fita ya bar takalminsa."

Ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya har sito. Sule mai sito ya ce wallahi shi ya rufe tun safe. Kawu ya latsa wani maɓalli, sai ga manhaja ɓaro-ɓaro. Ashe allo kawai Sule ya kashe!

"Sule, in ka runtse ido, gari ne ya yi dare?"

An rufe ta, amma fayil ya ƙi. Kawu ko a jikinsa. Ya buɗe jerin ayyukan da ke gudana a ɓoye, ya nuna min ɗaya da baki.

"Kin gan shi, 'yar nan? An sallame shi, ya laɓe bayan ƙofa."

Ya tsayar da shi. Saura ɗan fayil ɗin kulle da ya bari. Madam ta ce a goge mana! Ina! Sai da Kawu ya ciro tsohon filashinsa da ke rataye a wuya kamar laya, ya kwafe komai tukuna. Filashin nan, jama'a, har ɗaurin zare gare shi. Madam ta taɓa saya masa sabo, ya mayar mata, wai bai san halinsa ba.

Ya goge fayil ɗin kullen. Manhaja ta buɗe, komai na nan. Madam ta zube a kan buhun masara tana "Na gode Allah!" Mota ta tashi kafin ɗigon farko. Kawu kuwa ya dubi Sule ya ce lemo biyu ne tararsa, masu sanyi.

Muna dariya yanzu, amma wallahi tun da ya rasu da wuya rana ta faɗi ban tuna shi ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ya huta, ya albarkaci bayansa. Amin.