Furen da Ya Jure Wa Baba

Tun ɗazu mai sayar da furanni take kallon dattijon nan. Gajere ne mai tumbi, tabaransa na kan goshi amma yana laluben aljihu yana nemansa. Ya rungumo tukunyar salbiya, furen nan shuɗi mai tsayi, kamar wanda ya ɗauko jariri. Yana ajiye ta a gefen kowace shuka, ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya girgiza kai.

A ganinta bai daɗe da yin ritaya ba, kuma hannun nan mai laushi bai san ƙasa ba.

Ya nuna na'a-na'a. Ta ce, "A'a, Baba, wannan mashayin ruwa ne. Salbiya rana take so da ɗan ƙishi. Ga ciyawa mai ƙamshi, ga waɗannan rawaya, halinsu ɗaya."

"Masu jure ƙishi nake nema, 'yata," ya ce, yana rage murya. "Uwargida ta je wajen jikoki, ta bar mini amanar lambunta. Sati uku na manta da shi. Wannan salbiyar kaɗai ta jure mini, sauran duk sun bushe. Gobe za ta dawo."

"To sai mu zaɓi masu kama da nata. Wane launi ne furanninta?"

Dattijon ya ɗaga kai sama, yana motsa leɓe. Shekara talatin yana wucewa ta gabansu safe da yamma.

"Ganyen dai," ya ce a hankali, "kore ne."